Hannun da Tsoho Ya Ɗaure

Idan tayar arabiyya ta karkace a Kudai, tashar motocin alhazai da ke Makka, ba a tambayar inda za a kai ta. Arabiyya ita ce kujerar nan mai taya da ake tura gajiyayyun alhazai a kai, kuma duk mai turinta ya san lungun nan na unguwar Hindawiyya inda Tsoho yake zama tsakanin ƙarafa da robobi, ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa. Salihu aka raɗa masa, sunan kakansa, shi ya sa tun yana bayan uwarsa ake ce masa Tsoho. Yakan ce shekara saba'in ya yi yana bin sunan nan da gudu kafin ya cim masa.

Kaɗan ne cikin masu kawo masa gyara suka san aikinsa na fari. A wani ƙauye aka haife shi a bakin dajin Falgore, gidan maharba. Ya yi farauta kamar ubansa, amma ba da ita ya yi suna ba. Sassaƙar ƙotar bindiga ce ta sa aka san shi. Maƙeri zai ƙera ƙarfen, a kawo wa Tsoho, shi kuma ya ce sai mai bindigar ya zo da kansa. Ya auna shi da igiya daga lanƙwasar gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya dubi tsawon wuyansa, ya dubi yadda kumatunsa ke kwanciya, sannan ya ɗauki itacen maɗaci. Bai taɓa sassaƙa wa mutum biyu ƙota iri ɗaya ba.

Aikin hajji ne ya kawo shi Makka, shi da matarsa Iyatu da 'yarsu Yalwa tana rarrafe. Ranar komawa suka zauna a ɗaki suna kallon juna har jirgi ya tashi. Yau shekara talatin da takwas ke nan ba shi da iƙama, takardar zama, don haka duniyarsa ba ta wuce Hindawiyya da Kudai da Harami ba. Shingen binciken da ke hanyar Jidda bai taɓa ƙetare shi ba. Ga shi kuma ƙasar Harami ba a farauta a cikinta, ko tantabara ba a firgitawa. Ranar da ya fara ganin garken tantabaru a harabar masallaci, manya, masu ƙiba, suna yawo tsakanin ƙafafun mutane, kafaɗarsa da kanta ta ɗaga. Iyatu ta mintsine shi ta ce ya ji tsoron Allah. Tun daga ranar bai sake taɓa bindiga ba, har Iyatu ta rasu, har ya zama shi ne mai watsa wa tantabarun lungu ragowar shinkafa.

Yalwa ta girma ta auri Bandar, direban bas, ɗan wani tsohon gidan Hausawa na unguwar Utaibiyya waɗanda kakanninsu suka sami takardar 'yan ƙasa. Suka haifi Manar. Da yake Yalwa girkin biki take yi, a gidan kakanni yarinyar ta yi wayo, tsakanin tukunyar Iyatu da tayoyin Tsoho. Yanzu shekararta ashirin da huɗu, tana aiki a wani kantin magani. Hausarta rabi Larabci ce. Sidi take ce masa, yadda 'yan Hijaz ke kiran kaka, shi kuwa amarya yake ce mata, yana ƙorafin ba ta iya tuwo ba zai sake ta.

Bara ƙawayenta suka ja ta zuwa wani kulob na harbi, can bayan iyakar Harami ta wajen Jidda, inda ake kwanciya rubda-ciki a harbi takarda daga nesa. Su sun je sau ɗaya sun ɗauki hotuna. Ita ta maƙale.

Wata Juma'a bayan la'asar ta shigo lungun da takardu a naɗe a hammata, fuska ba walwala. Ta zauna a kan wata arabiyya mai taya ɗaya ta zayyana masa. Kulob ɗin zai zaɓi mata huɗu da za su riƙa wakiltarsa a harbin nesa, mita ɗari shida. Su tara ne masu nema. Kowace sai ta rubuta bindigar da za ta riƙe cikin bindigogin kulob zuwa ranar Alhamis, kuma idan an rubuta an rubuta ke nan, ba canji, da ita za a yi gwaji mako uku bayan nan. Matsalarta ita ce, a kusa harbinta lafiya lau, amma da an kai nesa sai harsasai su watse kamar an watsa gero. Ta yanke cewa iska ce ke kwashe ƙaramin harsashi. Za ta rubuta babbar bindiga, wadda ake kira ɗari uku, ta bar ƙaramar da ake kira shida da rabi.

Tsoho bai san lambobin nan ba. Ya ce ta nuna masa da yatsa. Ta nuna masa ɗan yatsanta manuni ta ce wannan kwanson ƙaramar ne, ta kama babban yatsansa ta ce wannan na babbar. Ya karɓi takardun, ya juya bayansu, ya bi ramukan da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba sawun gada.

“Babbar nan, yaya shurinta?”

“Kamar jaki, Sidi.”

“Kin taɓa ganin jaki?”

“A waya.”

“To jakin waya ba ya karya ƙashi. Amarya, wanda ke tsoron bindigarsa kafin ta yi magana ya runtse ido. Ƙara mata girma ƙara miki tsoro ne.”

Ya ce shi a ganinsa laifin ƙota ne, an yi ta don maza masu dogon hannu. Tunda ba zai iya zuwa ya ga bindigar ba, ita kuma bindigar ba za ta shigo Makka ta gan shi ba, zai sassaƙa mata ƙota ta itace zalla daidai jikinta, ta kai can a gwada da nasu. Ya ciro igiya, ya ce ta miƙo hannu. Ta miƙo na dama. Ya auna, ya ƙulla, ya auna wuya, ya ƙulla.

Kwana biyu masu turin arabiyya suna zuwa suna tarar da shi da gizago a hannu, yana fama da wani ɓallin ƙyaure da ya tsinta a inda aka rushe tsohon gida. Suka tambaye shi ko ludayi yake sassaƙawa, ya ce musu na auren uwar mai tambaya. Hannunsa bai manta komai ba. Har ya kama kansa yana ɗan waƙe-waƙen daji a ƙasan maƙoshi, ya yi istigfari, can kuma ya sake kama kansa.

Ranar Litinin Manar ta kai ƙotar. Mai koyar da su, Kaftin Haifa, ta yi dariya da farko, sannan ta ɗora itacen a kan bindigar kulob, ta daina dariya, ta rage tsawon tasu daidai da na Tsoho. Kafaɗa ta ji daɗi. Amma takardar da Manar ta kawo masa ranar Laraba da azahar, ramukan suna nan a warwatse kamar jiya. Ta ce idan ta daɗe tana leƙen madubin bindigar sai idonta ya kawo ruwa, abin da take kallo ya dushe, kanta ya ɗau ciwo, ta ja kunama don dai ta huta. Halas, shi ke nan, in ji ta, gobe babbar za ta rubuta.

Tsoho ya ajiye takardar. A rayuwarsa awonsa bai taɓa ba shi kunya ba sai yau, kuma a kan jikarsa. Ya koma kan aikin da ke gabansa don kada ta ga fuskarsa. Wani bututun ƙarfe ne na ƙafar arabiyya, yana so ya san ko ya lanƙwashe, idonsa kuma ya fara gajiya. Ya ce mata ta leƙa masa ta ciki ta ga ko haske na fita sosai.

Ta sa hannu ta ɗauka, ta ɗaga sama, ta leƙa, ta ce a miƙe yake.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tura mata wani bututun da ƙafa ya ce wannan fa. Ta ɗauka, ta leƙa. Hannun hagu, idon hagu, ba ta ma san ta yi ba. Ya zaro dabino daga aljihu ya jefa mata ba shiri. Hagun ne ya cafe, sannan ya miƙa wa dama, dama ta kai baki.

Nan take shekara ashirin suka dawo masa. Yarinya 'yar shekara huɗu a tsakar ɗakin nan, komai da hagu: cokali, alli, karɓar kuɗin alewa a hannun baƙi. Maƙwabta suna cewa jikar Tsoho bahaguwa ce. Shi kuwa da ya taso inda miƙa wa babba abu da hagu rashin tarbiyya ne, ga su baƙi a ƙasar mutane, kullum cikin tsoron a ce 'ya'yan takari ba su da kunya, sai ya ɗaura ɗamarar gyara ta. Ya fara da ɗan bugu da bayan cokali. Da hakan bai yi ba, ya riƙa zura mata safa a hannun, ya ɗaure da zare a wuyan hannu, tun safe har uwarta ta dawo. Iyatu ta ce masa ya tsaya a kan abinci kawai, sauran ya bar wa Allah halittarsa. Bai ji ba. Wata shida ya yi, har yarinya ta koma dama, ya yi ta alfahari a lungu.

Ya tashi ya tafi sallar la'asar da abin a ƙirjinsa. Idan ya yi shiru, gobe za ta rubuta babbar bindiga, ta sha shuri, ta faɗi gwaji, ta ɗora laifin a kan iska, ba wanda zai taɓa sani. Idan ya faɗa, sai ya tono abin da ya yi mata da bakinsa, kuma ya ce wa mai shekara guda tana harbi da dama ta koma hagu saura mako uku. Tana iya faɗuwa ta nan ma, kuma wannan karon da sunansa a kai.

Da ya dawo ya tarar ta haɗa masa shayi. Ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, inda ake hango tankunan ruwa a kan gidajen da ke bisa dutse. Ya ce ta kwanta yadda suke kwanciya a can, ta sa ƙotar a kafaɗa. Ta sa a dama. Ya ga yadda take murɗa wuya, tana matse idon hagu da ƙarfi har gefen bakinta na ɗagawa, kamar mai danne ƙofar da ake turowa.

“Mayar da ita ɗaya kafaɗar.”

“Sidi, ni ba bahaguwa ba ce.”

“Ke ce. Ni na ɗaure hannun.”

Ta ɗago kai. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, ya ba ta labarin tun daga cokali, yana kallon tabarma. Bai kai ƙarshe ba ta katse shi a hankali.

“Koriya ce safar. Akwai huda a wajen babban yatsa, ta nan nake fito da shi in kana waje.” Ta ɗan yi murmushi. “Na zaci kai ne ka manta.”

Wannan ta fi masa zafi a kan a ce ta yi fushi. Da kyar ya ce kakarta ta hana shi bai hanu ba, ya ce ta yafe masa. Manar ta ce ita ba ta yafe wa mijin da kullum yake barazanar saki, sai ya fara yin alkawarin ya daina zancen tuwo. Tana faɗa tana goge ido da gefen mayafi. Ya lura da hannun da take gogewa da shi.

Ta mayar da ƙotar kafaɗar hagu. Ba ta zauna ba, domin kwarin da ya fafe na kumatu a ɗaya gefen yake. Ya karɓa, ya ɗauki gizago, nan a gabanta ya fafe wancan gefen, ya goge da ɓallin kwalba yadda yake yi a gida. Ta sake ɗorawa. Kumatunta ya sauka kan itacen da kansa, wuyan ya saki, idanu biyu a buɗe. Ta ce tana ganin tankin can shuɗi, har tsatsar da ke gindinsa. Sai wata tantabara ta sauka a kan tankin.

“Kawar da kai,” in ji Tsoho. “Ko itace ne, ba a nuna musu.”

Ta kira Kaftin Haifa ta sa wayar a tsakaninsu. Kaftin ba ta ɓoye ba, ta ce canza kafaɗa saura mako uku ganganci ne, ta ga waɗanda suka gwada suka rasa nan suka rasa can. Amma ta ce akwai bindiga ɗaya ta bahagwai a kabad, mai sakata a gefen hagu, ba mai taɓa ta, kuma shida da rabi ce, ƙaramar nan mai sauƙin shuri, wadda harsashinta siriri ne dogo, yana yanka iska fiye da yadda Manar ke zato. Tsoho ya sa baki da Larabcinsa na kasuwa ya tambaya ko bakin ƙarfen yana da nauyi. Aka ce yana da shi. Ya ce to madalla, mai nauyi ba ya rawa. Amma bai ce mata ta zaɓi wannan ko waccan ba. Ya riga ya zaɓa wa yarinyar nan hannu sau ɗaya, ba zai ƙara ba.

Ranar Alhamis ta aiko masa da hoton takardar da ta cika. Bai iya karanta ta ba, sai da wani mai turin arabiyya ya karanta masa: shida da rabi, ta hagu.

Makon farko ya yi muni. Hannun da aka yi shekara ashirin ana hana shi aiki bai san nauyin kunama ba, yana ja kafin lokaci. Takardun da ta kawo sun fi na da lalacewa. Bandar ya zo gaishe da surukinsa, ya sha shayi, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, cikin ladabi, harbin zamani fa ba irin na daji ba ne, Baba. Tsoho ya ce haka ne. A makon ya ɗaura wa wata arabiyya taya a juye, mai ita ya dawo daga Kudai yana tambaya ko so ake alhajinsa ya yi ɗawafi da baya. Abin da kawai ya iya yi wa Manar shi ne ya cire birkin wata tsohuwar arabiyya ya ba ta, ya ce ta riƙa matsa shi da ɗan yatsan hagu a hankali, a kanti, a mota, a ko'ina, har yatsan ya koyi haƙuri. A mako na biyu ta ce ciwon kan ya tafi. Ramukan kuwa sun fara matsowa kusa da juna, kamar 'yan uwan da suka yi faɗa suna neman shiri.

Ranar gwajin Asabar ce da safe. Yalwa ta raka Manar, Bandar ya kai su. Tsoho ya zauna a lungunsa, ya watsa wa tantabaru shinkafa, can ya manta ya sake watsa musu. Ya kwance wata taya mai lafiya ya mayar. Azahar ta yi, la'asar ta yi, wayarsa ba ta yi ƙara ba, shi kuma ya ƙi kira.

Rana ta yi sanyi sannan ya hango ta a bakin lungu, takarda a naɗe, tana tafe ba sauri, ta ɗaure fuska irin ta wanda ke ɓoye wani abu. Ta tsaya a gabansa ta warware takardar ta ɗaga. Ramuka goma. Tara sun taru wuri ɗaya, tafin hannunsa zai rufe su. Na goman yana can gefe shi kaɗai.

“Wannan fa?”

“Na farko ne. Tsoro nake ji.” Sai fuskar ta ƙi ɗauruwa. “Ta huɗu na zo, Sidi. Huɗu suke so.”

Ya ce ta huɗu ai ita ce ta ƙarshe, shi da ya sani da bai ɓata ƙyaurensa ba. Muryarsa ce ta tona shi. Ya miƙa hannu ya ce ta ba shi ya gani da kyau.

Takardar tana hannunta na hagu. Ta fara miƙowa, sai ta tuna, ta tsaya, ta kawo hannun dama za ta karɓa ta ba shi yadda ya koya mata. Tsoho ya riga ta. Ya kama takardar tun tana hagun, ya haɗa da yatsun da ke riƙe da ita, ya riƙe bai saki ba.

“Bar shi,” ya ce. “Daga nan nake so.”

Suka ɗan jima a haka. Sannan ya gyara murya, ya jawo kwanon dabino ya tura mata, ya ce abinci dai da dama, wannan ba shi ya kafa ba. Ta ɗauka da dama. Shi kuwa ya nemi ƙusa, ya kafe takardar a bango, sama da inda yake rataye tayoyi, kusa da igiyar awon nan mai ƙulli biyu. Washegari ya kwance ƙullin, ya ce mata ta zo ya sake awo, wancan karon hannun wata ya auna, ba nata ba.